Ɗana ya samu gurbin karatu a Ingila, dillali ya ce zai ara muna kuɗin asusu

Baban Yara, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nika nema, kuma don Allah wanda ya sani shi gaya mini gaskiya ko ba ta da daɗi. Babban ɗana ya ƙare Jami'ar Danfodiyo, ya yi bautar ƙasa, yanzu wata jami'a ta Ingila ta ba shi gurbin digiri na biyu, karatun shekara guda. Ina da filin da zan saida in biya rabin kuɗɗin makaranta. Saura kuɗɗin da anka ce sai an gani cikin banki kafin a ba da biza. Wani dillali ya ce kar in damu, shina da masu zuba kuɗɗi cikin asusun yaro su yi wata guda, in biza ta hito su kwashe abinsu mu ba su ladarsu. Ya ce in yaro ya sauka aiki za shi samu shi biya saura. Uwar yaron ta matsa, shi ko yaron ko barci ba shi yi. Ni dai hankalina bai kwanta da wanga lamari ba.

Malamin Jami'a:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya sa albarka a karatun yaro. Kafin mu zo kan dillali, bari a san abin da Ingila ke nema. Jami'ar za ta ba shi lambar da ake kira CAS, ita ce shaidar sun karɓe shi, kuma a jikinta ake rubuta nawa ne kuɗin makaranta, nawa aka biya. Abin da ya rage dole a gan shi a asusu. A kansa sai a ɗora kuɗin zama na wata tara. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kafin su sake ƙarawa, fam 1,136 ne kowane wata in makarantar tana wajen Landan, fam 1,483 in a cikin Landan take. Wajen Landan ke nan fam 10,224, ban da ragowar kuɗin makaranta. Kuɗin su yi kwana 28 a jere ba tare da sun gaza adadin ba ko na yini ɗaya, a asusun yaron ko naka kai mahaifinsa. Na kawu ko na aminin baba ba ya shiga. Sannan a shigar da neman bizar kafin takardar bankin ta wuce kwana 31.

Akwai kuma waɗanda ba nunawa ake yi ba, biya ake yi su tafi: kuɗin biza, wanda a 2025 fam 524 ne, kuɗin lafiya fam 776 a shekara, wanda mai digiri na biyu yakan biya na shekara ɗaya da rabi tunda bizarsa tana zarce wata 12, sai gwajin tarin fuka a asibitin da suka aminta da shi a Abuja ko Legas, sai tikitin jirgi. Suna ƙara kuɗaɗen nan lokaci zuwa lokaci, don haka yaron ya buɗe shafin gwamnatinsu da kansa ya ga na ranar da zai nema.

Mai Canji, Tsohuwar Kasuwa:
Alhaji, a farashin 2025 fam guda wajen naira dubu biyu na. Wanga kuɗɗin zama kaɗai da Malam ya faɗi ya wuce miliyan 20. Kuma ka tuna abin da munka gani: kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, kafin Fabrairun 2024 ta ƙare ta haura 1,500. Iyayen da sunka yi lissafi da tsohon farashi, kuɗɗin shekara guda sunka koma na wata huɗu a hannunsu. In za ka yi lissafi, yi shi da fam, kar ka yi da naira.

Ɗan Gwiwa a Ingila:
Baba ina wuni. Malam, lissafinka babu kuskure, amma a faɗi yadda abin yake a ƙasa. Da yawa daga cikin waɗanda na sani nan ta wannan hanya suka zo, kuma ga su sun gama, wasu suna aiki suna aika wa gida. Ba takardar jabu ba ce fa. Kuɗin gaske ne, suna shiga asusun gaske, su yi kwana 28 kamar yadda doka ta ce. Abin da suka tambaya shi aka nuna musu. In aka ce sai mai miliyan 40 a ajiye zai tafi, to mutum nawa ne a duk Mabera da Gwiwa za su iya? A bar yaro ya gwada sa'arsa, Allah ne mai buɗi.

'Yar Minanata:
Yaya, ni ma a Ingila nake, kuma ban yarda da kai ba. Ka faɗi waɗanda suka tsallake, ba ka faɗi waɗanda ke kwana a falon mutane ba.

Baba, maganar "aiki zai samu ya biya saura" ita ce inda dillalin ya fi cutar ka. Ɗalibi awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu. Mafi ƙarancin albashi ga wanda ya kai shekara 21 fam 12.21 ne a awa a ƙa'idar Afrilun 2025. Awa 20 ke nan fam 244 a mako, wajen fam dubu da ɗan kai a wata, in ma ya samu aikin ya cika awannin. Wato ko abin da gwamnati ta ƙiyasta na ci da haya bai kai ba, balle a cire kuɗin makaranta a ciki. Sana'ar kansa an hana shi. Hutun bazara da ake cewa ana aiki cikakke, mai digiri na biyu yawanci lokacin yake rubuta kundinsa, makaranta kuma tana lissafa shi cikin zangon karatu. In ya wuce awa 20 a ɓoye aka gano, ya karya sharaɗin bizarsa.

Abin da mutanenmu ba su gane ba, bizar ɗalibi a hannun makaranta take rataye. Ran da ya kasa biya suka rufe masa shafin karatu, suka sanar da ma'aikatar cikin gida cewa sun janye hannunsu daga kansa, za a aiko masa da saƙo an gajarta zamansa, yawanci zuwa kwana 60. Ko ya samu wata makarantar da za ta ɗauke shi, ko ya tattara. A 2024 kafafen labarai sun ɗauko yadda aka ce wa wasu 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside su bar ƙasar bayan faɗuwar naira ta hana su biya a kan lokaci. Da yawansu ma da kuɗinsu na halal suka zo, canji ne ya cinye. To ina ga wanda ya zo da asusun da aka share tun kafin ya hau jirgi?

Ɗan Gwiwa a Ingila:
Ƙanwata, ban ce babu wahala ba. Cewa na yi ana yi ana tsira.

Malamin Jami'a:
Ɗan Gwiwa, akwai abin da ka tsallake. Mai nema yana sa hannu cewa kuɗin nan da gaske suna hannunsa domin karatunsa da zamansa. Suna da ikon tuntuɓar banki, suna da ikon kiran yaro hira su tambaye shi wa ke ɗaukar nauyinsa, me yake sayarwa, ina aka samo miliyoyin da suka faɗo asusu rana ɗaya. In suka yanke cewa yaudara ce, ba hana biza kaɗai ba, haramcin shiga na shekara 10 ne. Kuma fom ɗin Kanada da na Ostireliya suna tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai a ɗora masa wannan tabo saboda gaggawar zango ɗaya.

Malam Azhari, Kanwuri:
Alhaji, ni ta ɓangaren addini zan shigo, tunda ka ce hankalinka bai kwanta ba, kuma wannan rashin kwanciyar alheri ne. Abu biyu ke cikin tayin dillalin nan. Na farko, mutum ya ba ka kuɗi na wata guda ya karɓi abinsa cif, sannan ya karɓi ƙari a kai. Ko me aka kira ƙarin nan, lada ko kuɗin wahala, ƙa'idar malamai sananniya ce: duk bashin da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. Na biyu, ana nuna wa hukuma abin da ba haka yake ba, alhali hadisi ya tabbata a Muslim cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Kasancewar waɗanda za a yi wa ba Musulmi ba ne bai halatta shi ba.

Wannan daban yake da ɗan'uwanka ya ranta maka kuɗi domin Allah, ya bar su a hannun yaro ya ci ya biya haya, ku biya shi a hankali ba ƙari. Wannan taimako ne, kuma abin da za a faɗa a takarda gaskiya ne.

Ɗan Gwiwa a Ingila:
Allah gafarta Malam, ba zan yi jayayya da nassi ba. Amma a amsa mini wannan: ɗan talaka mai ƙoƙari fa? Yaron da ya fito da sakamako mafi kyau a sashensu, ubansa malamin firamare. Shi ke nan ya zauna, 'ya'yan masu hali su tafi su dawo su zama shugabanninsa? Wannan shi ke ci mini rai, ba wai ina son ƙarya ba.

Malamin Jami'a:
Abin da ke cin ranka yana cin nawa, domin ni nake koyar da irin yaran nan. Amma ƙofarsu tallafin karatu ce, kuma mu Sakkwatawa muna sakaci da ita ƙwarai. Chevening na gwamnatin Ingila yana biyan komai har tikiti, yana neman gogewar aiki ta shekara biyu, da alkawarin dawowa gida na shekara biyu bayan gamawa, kuma ana buɗe shi wajen Agusta kowace shekara. Akwai na Commonwealth, akwai PTDF ga masu fannin mai da makamashi, akwai DAAD na Jamus, akwai na gwamnatin Turkiyya da ke haɗawa da masauki da shekarar koyon harshe. Mai irin wannan tallafi takardar masu ɗaukar nauyinsa ce ke tsaya masa a madadin asusun banki. Gaskiya ne ƙofofin gida sun ƙuntata: TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025, gwamnatin tarayya kuma ta sanar da daina tallafin musayar ɗalibai da ake tura yara Rasha da Maroko da Hangari da shi. Duk da haka, yaranmu nawa ne ke zama su rubuta takardar neman nan da kyau, su kawo wa malami ya duba? Na fi ganin masu zuwa neman sa hannu ana gobe za a rufe.

Baban Yara, Mabera:
Na gode, Allah shi saka da alheri. Maganar Malam Azhari ta ishe ni, ba ni shiga riba da girmana. To amma in tambaya: in Ingila ta fi ƙarhina, akwai inda kuɗɗin filin nan za su kai yaro su dawo da shi? An ce Jamus ba a biyan kuɗɗin makaranta.

Ɗalibi a Jamus:
Baba, gaskiya ne, yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai 'yan ɗaruruwan yuro na hidima kowane zango. Jihar Baden-Württemberg ce ke karɓar yuro 1,500 a zango daga baƙin da ba 'yan Tarayyar Turai ba. Amma nan babu zancen aro, domin rufaffen asusu ake buɗewa a zuba yuro 11,904 na shekara ɗaya, kuma ko mai kuɗin ba ya iya cire fiye da yuro 992 a wata. Da farko mutum yana jin haushin tsarin, in ya zo sai ya gode, domin haya da inshorar lafiya ba sa jira.

Abin da nake so kowa a zauren nan ya riƙe: bizar da ake bugawa a fasfo ta shiga ce kawai, ta 'yan watanni. In ka sauka ka samu ɗaki, cikin kwana 14 za ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshinka da takardar mai gida. Da wannan za ka buɗe asusun yau da kullum, sannan ka nemi ranar ganawa a ofishin baƙi su ba ka katin izinin zama kafin bizar ta mutu. A manyan birane samun ranar ganawar kan ɗauki watanni, shi ya sa ake nema tun makon farko. Lokacin sabuntawa kuma za su sake tambayar kuɗin shekara mai zuwa da shaidar kana ci gaba a karatu. Digiri na biyu a nan shekara biyu ne, don haka Baba ka lissafa asusun sau biyu, ko da yake an yarda ɗalibi ya yi aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, wanda ke rage nauyin shekara ta biyu sosai in yana jin ɗan Jamusanci. Layin neman bizar a Legas ma yana da tsawo, a fara da wuri.

Hajiya, Arkilla:
Ku yi haƙuri in sako tawa. 'Yata ce za ta Masar karatun likita. Wanda ya yi mana hanya ya ce da bizar yawon buɗe ido za ta shiga, can sai a juya ta. Haka ake yi?

Malam Azhari, Kanwuri:
Hajiya, kada ta tashi sai takardar karɓa daga jami'ar tana hannunta, kuma ku kira ofishin jakadancin Masar a Abuja ku ji irin bizar da ta dace da ita daga bakinsu. A Masar rayuwar ɗalibi a kan iƙama, wato izinin zama, take tafiya. Makaranta ke ba da takardar shaidar cewa kana cikin ɗalibanta na wannan shekara, ka kai ofishin fasfo na Abbasiyya in a Alƙahira kake, kuma duk shekara sai an sabunta. Wanda bai gama rajista ba, ba shi da takardar da zai kai, kwanakin bizarsa na ƙarewa tara ta fara hawa kansa. Na ga yaran da suka gama karatu lafiya, ranar dawowa aka tsare su a filin jirgi sai sun biya tarar shekarun da suka zauna babu iƙama, iyaye a nan suna ta neman rance.

Takardunta na sakandare kuma a kai su ma'aikatar ilimi ta tarayya a Abuja a tantance, daga nan ma'aikatar harkokin waje, daga nan ofishin jakadancin. In ta tafi ba hatiman nan, sai an dawo da takardun gida. Sannan tunda likitanci ne, ku tabbatar hukumar likitoci ta Nijeriya, MDCN, ta san da jami'ar, domin in ta dawo sai ta ci jarrabawarsu kafin ta taɓa majinyaci.

'Yar Gawon Nama:
Inna, ki ƙara da wannan daga wadda ta gani da idonta. Ina Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Cikinmu akwai waɗanda fasfonsu ke ofis an kai sabunta iƙama, ofishin ya rufe, ba mai buɗewa. Motoci suka kwashe mu zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a sahara ana jiran izinin shiga, kuma waɗanda ba su da fasfo su suka fi kowa shan wuya kafin a yi musu takardar tafiya ta gaggawa. Ki sa ta ɗauki hoton fasfo da biza da iƙama da takardar makaranta, ta ajiye a waya da imel, ta bar miki kwafi a gida. Tana sauka ta je ofishin jakadancin Nijeriya ta rubuta sunanta, ta shiga ƙungiyar ɗalibai, domin da jerin sunayen ƙungiya aka riƙa cika motoci. Kuma kada ta ba wani dillali fasfonta ya riƙe mata, komai kirkinsa. Sakamakon kowace shekara ma ta karɓa a rubuce ta adana. Waɗanda ba su yi haka ba, da suka dawo neman canjin makaranta babu abin da za su nuna na shekarun da suka yi.

Hajiya, Arkilla:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Wallahi ban san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ɗan Tambuwal a Maleshiya:
Kowace ƙasa da agogonta, kuma daga ranar sauka yake fara bugawa. Nan cikin kwana 7 za ka yi gwajin lafiya, sannan makaranta ta kai fasfonka a manna izinin ɗalibi. Sabuntawa duk shekara ce, kuma suna duba halartar aji, ana son kashi 80 cikin ɗari, da matsakaicin makin jarrabawa da bai gaza 2.0 ba. Yaro ya yi wasa da aji, zamansa ne ya yi wasa da shi. Abokaina na Indiya kwana 14 gare su su yi rajista da ofishin baƙi, na Sin kwana 30 su mayar da biza izinin zama. Iyaye suna yin walima ran da biza ta fito, daga nan ba mai sake tambayar yaro takardunsa. Ku riƙa tambaya a waya: yaushe izininka zai ƙare, ka fara sabuntawa?

Ɗan Gwiwa a Ingila:
A nan kam na yarda. Kuma dillalan da ke tallar Saifurus ta Arewa da araha a yi hattara da su. Turkiyya kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, ba mu da ofishin jakadanci a can, kuma hukumar 'yan Nijeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye a kanta tun 2020. Amma maganata ta ɗan talaka tana nan, Malam. Tallafin nan mutum nawa yake ɗauka a cikin dubban masu nema?

Malamin Jami'a:
Kaɗan ne, ban musa ba. Wanda bai samu bana ba ya yi digirinsa na biyu a nan gida, ya yi aiki, ya sake nema da takarda mai ƙarfi, a digiri na uku ma tallafin ya fi samuwa. Alhaji, jami'o'in Ingila da yawa suna yarda a ɗage gurbi zuwa zango na gaba in an rubuta musu. Yaron ya rubuta yau, kuma kafin ka biya ko sisi ya karanta sharaɗinsu na mayar da kuɗi in an hana biza.

Ɗan Illela:
Mu da ke tura yara Maraɗi da Yamai fa? Da katin ECOWAS muke tsallakawa Ƙonni.

Malamin Jami'a:
Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka kada a dogara da yadda aka saba. A yi wa yaro fasfo da katin rigakafin shawara, makarantar ta faɗa muku a rubuce takardar zaman da ake nema yanzu. A kuma bincika matsayin makarantar a ma'aikatar ilimi, kun dai ga yadda aka dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024.

Uwar Biyu, Runjin Sambo:
Malam, nawa yaron matsalarsa daban. A takardar WAEC sunansa uku har da sunan garinmu, a katin ɗan ƙasa biyu ne, shekarar haihuwa ma ta bambanta da shekara ɗaya. Mu nemi fasfo haka nan?

Malamin Jami'a:
A'a Hajiya, ku gyara tukuna. Hukumar shige da fice daga bayanan NIN take ɗaukar abin da za ta buga a fasfo, jami'a kuma da sunan fasfo za ta ba da takardar karɓa, ofishin jakadanci ya jera su duka ya gwada. Ku zaɓi wanda ke kan takardun makaranta tunda su suka fi wuyar canzawa, ku je ofishin NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya da rantsuwar kotu a daidaita. Gyaran shekarar haihuwa ya fi na suna ɗaukar lokaci da kuɗi, don haka ku fara tun kafin ya nemi makaranta. Takardar haihuwar nan za ta sake amfani in da asusunki ko na mahaifinsa za a nuna kuɗi, domin ita ce shaidar cewa ɗanku ne. In kuma karatun zai kai shekara huɗu ko fiye, ku yi masa fasfo mai shekara 10, shafi 64. Izinin zama a ƙasashe da yawa ba ya wuce ranar mutuwar fasfo, sabunta fasfo daga waje kuma yana iya cin watanni yaro na zaune da izinin da ya kusa ƙarewa.